Tramol a lokacin jarrabawa: abin da ɗaliban Maradi ya kamata su sani

Tramol maganin ciwo ne. A farmasi ana ba da shi miligiram 50 ko 100 da takardar likita, kuma babban mutum ba ya wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a tire da bayan tasha daban ne: 200, 225, har 250 a ƙwaya guda, akasari ƙirar Indiya. Ɗalibin da ya haɗiye biyu ƴan 225 ya riga ya zarce ƙa'idar yini, ko da abin da aka rubuta a kwalin gaskiya ne, kuma ba kullum yake gaskiya ba.

Me ya sa ɗalibi, ba ɗan kabu-kabu kaɗai ba? Tramol dangin morfin ne, wato maganin ciwo mai ƙarfi, amma yana kuma tayar da sinadaran ƙwaƙwalwa masu sa kuzari. Gajiya ta gushe, yunwa ta lafa, barci ya ƙaurace. Ga zafin Afrilu, kuɗin tallafin karatu bai fito ba, jarrabawa saura kwana uku, sai aboki ya ce gwada rabi. Asarar a nan take: cikin barci ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta. Mutum ya kwana kan takardu, da safe ya tarar ya ɗebi ruwa da kwando.

Cikin ƴan makonni jiki ya saba, rabi ya koma ɗaya, ɗaya ta koma biyu. Barci ya ƙi zuwa, sai a nemi diyazafam, ƙwayar sa barci, ko maganin tari mai kodin. Wannan haɗin shi ne mafi muni, don kowannensu yana rage numfashi.

Juriya ba cije baki ba ce kawai, kuma wa'azi kaɗai bai wadatar ba. Ɗaliban da ke ƙetare jarrabawa lafiya, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko wata makaranta, tsari gare su. Sukan fara bita makonni kafin lokaci, su uku ko huɗu, kowa ya yi wa saura bayanin darasi guda. Barci awa bakwai, shayin fada, wato majalisar samari, ya tsaya da la'asar, a ci ko kunu da ƙosai kafin zama. Sannan a samu mutum ɗaya, yaya ko malami, da za a iya gaya wa aljihu ya bushe ba tare da kunya ba. Fadar da ake miƙa ƙwaya tare da kofin shayi kuwa, canza ta ya fi dogara da ƙarfin zuciya.

Wanda ya riga ya kamu kada ya yanke rana ɗaya. Awa 12 zuwa 24 bayan ƙwayar ƙarshe hamma, zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da fargaba ke farawa, su yi kusan mako guda, kuma a nan yawanci ake komawa. Likita kan rage adadin kaɗan-kaɗan cikin makonni. Yanke diyazafam farat ɗaya ma na iya kawo jijjiga.

Idan abokin ɗakin da ya sha tramol ya faɗi yana jijjiga irin ta farfaɗiya, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a danne shi, kada a sa masa cokali ko ruwa a baki. Da ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta kai minti biyar, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko ya ƙi farkawa, a garzaya asibiti, a tafi da kwalin ƙwayar, a faɗa wa likita nawa ya sha da ƙarfe nawa.