Kwana Bakwai da Tanti a Gadon Baya

Da na gaya wa Inna a waya cewa hutun bana tafiyar ƙasa zan yi a bakin teku, ina kwana a tanti, sai ta yi shiru. Can ta ce, "Ɗan nan, in kuɗin mota ne babu, ka faɗa mini." Na ce a'a Inna, ni na sa kaina. Ta ce, "To Allah Ya kiyaye hanya. Jinin Baba ne ya motsa."

Baban da take nufi kakanta ne. Falke ne, da jakuna ya riƙa zuwa Gwanja sayo goro, tafiyar wata da watanni cikin ayari, madugu a gaba, a tashi da asuba a yada zango kafin rana ta faɗi. Irinsu ne suka sa har gobe ake kiran unguwannin Hausawa na Kumasi da Akara zango. Ni kuwa na tashi ban san kalmar ba sai a sunan unguwa da zangon karatu.

Hanyar da na bi sunanta South West Coast Path, a kudu maso yammacin Ingila. Ta faro daga garin Minehead, ta bi gaɓar teku ta zagaye Devon da Cornwall, ta ƙare a bakin Poole, mil 630. Asalinta turbar masu gadin gaɓa ce, waɗanda aka sa su tare 'yan fasa-ƙwauri. Aikinsu su leƙa kowane lungu da kwale-kwale zai iya ɓuya, shi ya sa hanyar ba ta san yanke ba. Duk kwarin da ya faɗa teku sai ka gangara har ƙasansa, ka sake haurowa ta ɗaya gefen. Wanda ya gama ta duka, in an tara hawan da ya yi, ya kusa hawa dutsen Everest sau huɗu. Masu yin ta a jere sukan ci sati bakwai zuwa takwas. Ni hutun sati guda na samu a wurin aiki, don haka na ɗebi farkonta, daga Minehead zuwa Barnstaple, kusan mil 70.

A watan Yuni na tafi. Jirgin ƙasa daga Bristol zuwa Taunton, bas zuwa Minehead. A bakin ruwa akwai wasu manyan hannuwa biyu na ƙarfe riƙe da taswira, nan ne mafari. Na yi bisimilla na saɓa jaka, kilo 14 na auna ta a gida: tanti, jakar barci, ɗan murhun gas, tukunya ɗaya, rigar ruwa, safa uku, 'yar buta, sai garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino. Daga nan alamar hanya kawai kake bi, hoton ƙwallon itacen oak a jikin turaku, teku a hannun dama kullum.

Ranar farko na ci karo da abin da ya tsaya mini a rai. Kafin ƙauyen Porlock Weir akwai wata fadama da bishiyoyi suke tsaye fari fat, ba ganye ba ɓawo. A 1996 guguwa ta fasa tudun tsakuwar da ya raba gonakin da teku, ruwan gishiri ya shigo, ya kashe su a tsaye. Ba a toshe ɓarakar ba, aka bar wa teku wurin. Na daɗe ina kallonsu, don na san yadda manomi yake ji in ƙasar da ya gada ta fita daga hannunsa.

A nan ƙasa da bakin tsakuwar na yi alwala da ruwan teku karo na farko a rayuwata. Muna yara a zaure malam ya karantar da mu hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarki ne, mushensa halal ne. Mun haddace, alhali babu ɗayanmu da ya taɓa ganin ruwan da ya fi dam. Ga shi bayan shekaru na durƙusa, na kamfato shi, sanyi kamar ƙanƙara, gishiri ya cika mini baki wajen kurkura. Na duba alƙibla, kudu maso gabas, na ba teku baya na yi ƙasaru. Na yi wa malam addu'a, Allah Ya jiƙansa.

Maganar kwana kuwa, ya kamata mai niyya ya sani: a Ingila galibi ba a kafa tanti a filin mutum sai da izininsa, kuma kusan kowane fili da mai shi. Sikotilan ce dokarta ta 2003 ta ba kowa damar kwana a daji. A nan sai ka nemi sansanin masu tanti ko gonar da take karɓar matafiya, ka biya, a nuna maka famfo da banɗaki. Wannan ya sa kowace safiya lissafin farko shi ne ina zan kwana, awa nawa tsakanina da wurin. Lissafin madugu ke nan.

Rana ta biyu dajin Culbone, inuwa ruf, teku sai dai ka ji ƙararsa ta ƙasa. A tsakiyar dajin akwai wani ɗan coci da ake cewa shi ne mafi ƙanƙanta cikin cocin unguwa a Ingila, mutum talatin sun cika shi. Da yamma na gangara Lynmouth, garin da ambaliya ta share a watan Agustan 1952 ta ci rai 34. Akwai wani jirgi da yake hawa tsaunin garin tun 1890, ba inji ba mai: taragu biyu a ɗaure da igiya ɗaya, a cika tankin na sama da ruwan kogi, nauyinsa ya gangara da shi ya jawo na ƙasa. Na tsaya na ga sauka uku kafin na wuce da ƙafa.

Rana ta uku ita ce tafiyar. Daga Lynmouth zuwa Combe Martin mil 13 ne da 'yan kai, a takarda ba wani abu ba. Da safe na ratsa Valley of Rocks, awakin daji suna tsaye a kan duwatsu, ba igiya ba makiyayi. Kafin azahar hazo ya rufo daga teku, yayyafi ya biyo, dunduniyata ta hagu ta yi bororo. Na zauna na cire takalmi, na shanya ƙafar, na manna filasta, na canja safa. Wani dattijo da ya zo wucewa da sanduna biyu ya tsaya ya ce kada in yi gaggawa, babban aikin yana gaba. Gaskiya ya faɗa. A kwarin Sherrycombe hanyar ta sulale ƙasa har bakin wani ɗan rafi, sannan ta miƙe tsaye zuwa tsaunin Great Hangman, mita 318, wuri mafi tsawo a duk hanyar. Taku ashirin nake yi in tsaya, jakar tana ja na baya, numfashi yana fita da ƙara. Sannu ba ta hana zuwa, na riƙa faɗa wa kaina. A ƙoli akwai tarin duwatsu da matafiya suke ƙara wa. Na ɗora nawa. Daidai lokacin hazon ya yaye, sai ga tsaunukan Wales a tsallaken ruwa.

Wajen ƙarfe bakwai na isa gonar da zan kwana, jiƙe, ƙafa kamar ba tawa ba. Matar gidan ta dube ni, ta nuna mini gefen shinge inda iska ba ta bugawa, ta tafi ta dawo da ruwan zafi a filas ban roƙa ba. Na buga turakun tanti, na kwance takalmi, na jiƙa gari na marmasa ƙuli-ƙuli a kai. Ban taɓa cin abin da ya shiga jikina kamar wannan kwanon ba. Ina zaune a bakin tanti, rana ba ta faɗi ba sai bayan tara, tumaki suna kuka a bayan shinge, sai Baba ya faɗo mini. Shi ba sati ya yi ba, ba shi da rigar ruwa, ga 'yan fashi ga haraji a kowane gari. Amma na tabbata irin wannan sassaucin da ya sauko mini daga kafaɗa zuwa tafin ƙafa shi yake ji in an sauke wa jakuna kaya an hura wuta. A daren na san me ake nufi da zango.

Abu biyu zan ja kunne a kai. Na farko kaska: tana nan da yawa a ciyawar Exmoor, yankin tuddan da farkon hanyar ya ratsa, saboda barewa da tumaki, kuma tana kawo ciwo, don haka kowane dare ka duba ƙwauri da bayan gwiwa da tocila. Na biyu cikar teku. A wannan mashigi na Bristol ruwa yana janyewa nesa har ka ɗauka fili ne, sannan ya dawo da sauri ya rufe. Kada ka sauka rairayi ba ka duba lokacinsa ba. Sallah kuma ta bazarar Ingila sai da shiri: isha can dare, alfijir wajen uku, raɓa ta jiƙe tanti sharkaf.

Sauran kwanakin sun zo da sauƙi. Ilfracombe na ci kifi da dankali, Woolacombe na cire takalmi na taka yashi mai nisa, daga Braunton kuma hanyar ta bi tsohon layin dogo, shimfiɗaɗɗiya har Barnstaple. A duk tafiyar ban haɗu da Bahaushe ko ɗaya ba, kuma hakan ya dame ni, don muna da yawa a garuruwan nan, kuma mu jikokin matafiya ne.

A tashar jirgi na kira Inna. Ta ce, "Ka sauka lafiya? Yaya ƙafa?" Na ce da sauƙi. Ta ce in gasa ta da ruwan zafi in shafa man kaɗanya. Na ce saura mil 560, baɗi in Allah Ya kai mu zan ɗora daga Barnstaple zuwa Bude, ta Hartland, inda aka ce hawan ya fi na bana. Ta ce, "To ka faɗa mini da wuri, in aiko maka da ƙuli-ƙuli."