Daga Nima zuwa Bakin Kogin Teju: Gudun Kilomita 21 a Lisbon

Ranar da na shaida wa mahaifiyata cewa zan tafi ƙasar Fotugal domin in yi gudu, sai ta ajiye carbinta, ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Wa ya biyo ka da za ka gudu har ƙasar Turawa?" Na ce, "Hajiya, babu wanda ya biyo ni. Tsere ne, kuma ni ne ma zan biya su kuɗin shiga." Ta ce to Allah ya kyauta, domin a saninta mutum yakan ƙetare teku ne don aikin Hajji, ko neman ilimi, ko fatauci, amma ba ta taɓa jin wanda ya sayi tikitin jirgi don ya je ya wahalar da ƙafafunsa ba. Duk da haka ta sa mini albarka, ta kuma gargaɗe ni da in kula da abin da zan ci.

Ban fara gudu don sha'awa ba. Likita ne ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, ya kuma ce in ban rage zama a shago da cin tuwon dare ba, to magani zan riƙa sha har ƙarshen rayuwata. Daga nan na fara fita bayan sallar Asuba, in tashi daga unguwarmu ta Nima a Akra, in bi titin Kanda, in wuce gaban Babban Masallacin Ƙasa, in dawo kafin motocin torotoro su cika hanya da hayaƙi. Da farko tafiya ce kawai mai ɗan sauri, daga baya ta zama sassarfa, har na kai ranar Lahadi ina bin masu motsa jiki zuwa dutsen Aburi, mu tashi daga Ayi Mensah mu hau har Peduase. Wanda ya saba hawa wannan dutsen cikin zafin Akra da gumin da ba ya bushewa, ya riga ya biya rabin kuɗin kowane tsere. Bayan shekara biyu a haka ne wani abokin gudu ya kawo shawarar mu gwada rabin gudun fanfalaki a waje, wato kilomita 21 da mita 97 da rabi. Shi daga baya ya janye saboda hidimar iyali, ni kuwa na riga na biya kuɗin rajista, kuma Bahaushe ba ya son asara.

Abin da ya sa na zaɓi Lisbon bai wuce sauƙin hanya ba. Akwai jirgin da ke tashi kai tsaye daga Akra, tafiyar kimanin awa shida, kuma a farkon watan Maris agogon Fotugal daidai yake da namu, saboda haka barci ba ya rikicewa. Na tafi a Maris na 2023, kwanaki kaɗan kafin azumi ya kama. Batun biza kuwa, takardun banki, da na shago, da na masauki, da shaidar rajistar tseren, sai da suka cika jaka guda, kuma na fi jin gajiyar haɗa su a kan gajiyar atisayen wata uku.

Ana yin wannan tsere tun 1991, kuma abin da ya fitar da sunansa shi ne gadar da ake tashi daga kanta. Sunanta Gadar 25 ga Afrilu. An buɗe ta a 1966 da sunan Salazar, mai mulkin kama-karyar ƙasar, sannan aka sauya mata suna bayan juyin juya halin 25 ga Afrilun 1974. Tsawonta ya haura kilomita biyu, tana rataye kimanin mita 70 a saman kogin Teju, motoci a sama, jirgin ƙasa a ƙasa, kuma a ranakun yau da kullum ba a barin mai tafiya a ƙafa ya hau ta. Da safiyar Lahadin na shiga jirgin ƙasa tare da dubban mutane sanye da gajerun wanduna, muka ƙetare kogin zuwa tashar Pragal, muka taka zuwa bakin gadar, inda babban mutum-mutumin Kristo Rei ke tsaye a kan tudu ya buɗe hannuwa yana fuskantar birnin. Turawa suna ta cewa yau za a yi zafi, ni kuwa haƙorana suna kaɗawa kamar tsakiyar hunturu, na lulluɓa da tsohuwar riga wadda na yi niyyar yarwa in an fara.

Ba a tashi ba sai da hantsi ya yi, abin da ya ba ni mamaki, domin mu a gida wanda bai gama gudunsa kafin ƙarfe bakwai ba ya shiga uku da rana. A kan gadar ba a iya gudun kirki saboda cunkoso, kuma ban damu ba. Wani sashe na daɓen gadar raga ce ta ƙarfe, in ka dubi ƙasa sai ka hango ruwa can nesa a ƙarƙashin takalminka; na duba sau ɗaya, na karanta abin da ya sawwaƙa, na koma gefen kwalta. Daga dama birnin ne shimfiɗe a kan tuddai, fararen gidaje da jan rufi, daga hagu kuma kogin yana buɗewa yana shiga tekun Atilantika, tekun da nake gani daga gaɓar Jamestown, sai dai daga wancan ɓangaren.

Kuskuren da na yi shi ne wanda aka gargaɗe ni a kansa. Saukowa daga gadar gangare ne mai daɗi, ƙafa tana tafiya da kanta, mutum ya ɗauka ƙarfinsa ne. Saboda wannan gangaren ne ma manyan 'yan tsere ba sa tashi daga gadar. Ana tayar da su daga bakin kogi, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, domin a iya amincewa da lokacin da suka yi. A wannan hanyar ce Zersenay Tadese na Eritiriya ya kafa tarihin duniya a 2010 da minti 58 da daƙiƙa 23, sannan Jacob Kiplimo na Uganda ya yi 57 da daƙiƙa 31 a Nuwamban 2021. Ni kuwa na cinye guzurin ƙarfina a kilomita biyar na farko kamar yaron da aka ba kuɗin makaranta na mako ya kashe ranar Litinin.

Bayan an sauko, hanyar takan nufi gabas wajen Cais do Sodré, ta juyo, ta bi gefen kogin zuwa yamma. Abin da ya fi cin rai shi ne sai ka wuce ta unguwar Belém, inda ake kammalawa, ka ji kiɗa da shewa, ka ga waɗanda suka riga suka gama suna rataye da lambobinsu, alhali kai da sauran tafiya har gaba da Algés kafin ka juyo. A wajen kilomita na 16 cinyoyina suka fara ɗaurewa. Na rage sauri, na sha ruwa, na koma ƙirga numfashi da salati kamar yadda nake yi a hawan Aburi. Wani dattijo mai furfura, wanda a ƙiyasina ya girme ni da shekara ashirin, ya zo daidai da ni, ya dubi tutar Gana da ke jikin rigata, ya faɗi wata kalma da ban fahimta ba, ya yi mini alama da hannu in biyo shi. Na bi bayansa kusan kilomita uku ba tare da mun ƙara cewa uffan ba, har ya ga na farfaɗo, ya ƙara mai ya bar ni. Na shiga layin ƙarshe a gaban ginin Jerónimos, wani tsohon gidan ibadar Kirista, bayan awa biyu da minti tara, wato Kiplimo zai iya yin tseren sau biyu ya tsaya ya sha shayi kafin in iso.

Na zo Lisbon ne da tunanin tsere kawai, yawon buɗe ido kuwa na ɗauke shi a matsayin gyara. Amma washegari, da na koma Belém ina ɗingishi, na ga abin da ya fi tseren zama a raina. A bakin kogin akwai wani dogon gini mai siffar gaban jirgin ruwa, wanda aka kammala a 1960 don cika shekara 500 da mutuwar Yarima Henrique, wanda ya ɗauki nauyin tafiye-tafiyen jiragen Fotugal zuwa gaɓar Afirka. A jikinsa an sassaƙa mutum 33, matuƙa jiragen ruwa da sarakai da malaman coci, duk sun fuskanci ruwa. A filin gabansa an shimfiɗa taswirar duniya da duwatsu masu launi, kyauta daga gwamnatin Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, an rubuta shekarar da jiragensu suka isa kowace gaɓa. Na bi gefen Afirka da ido har na iso daidai gida, na tarar an rubuta Mina, 1471, wato Elmina ta ƙasarmu. 'Yan yawon buɗe ido suna ta takawa suna ɗaukar hoto, ni kuwa na tsaya a kan wurin kamar wanda ya ga sunan mahaifinsa a takardar bashi.

Duk ɗan makaranta a Gana ya san Elmina, kuma ni ma an kai mu muna yara, mun shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka tsare bayi, mun ga ƙaramar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne cewa labarin yana da ɗaya bakin, kuma a wannan kogin yake. Daga Lisbon ne Diogo de Azambuja ya taso a ƙarshen 1481 bisa umarnin Sarki João na Biyu, da mutane kusan 600 da duwatsun da aka riga aka sassaƙa, ya sauka a Janairun 1482, ya zauna da sarkin wurin, Kwamena Ansa, ya fara ginin da suka kira São Jorge da Mina. Zinariya suka zo nema, wadda kafin zuwansu fataken Wangara ke ɗauka su yi arewa da ita ta hamada. Cinikin mutane ya zo ya rinjayi na zinariya daga baya, kuma ginin ya koma hannun Turawan Holan a 1637. Shi kansa ginin Jerónimos da na kammala tsere a gabansa, wanda aka fara a farkon ƙarni na 16, kuma kabarin Vasco da Gama ke cikinsa, da harajin kayan da ake kawowa daga Afirka da Gabas aka gina shi. Ginin yana da kyau matuƙa, ba zan yi ƙarya ba, dutse ne aka sassaƙa kamar aikin zare a wuyan babbar riga. Sai dai na kasa kallonsa da ido ɗaya kamar sauran jama'a. A ganina birnin yana ba da labarin tashin jiragen da murya mai ƙarfi, labarin abin da suka ɗauko kuwa sai wanda ya zo da shi a ransa.

Rana ta uku na hau tsohon taragon lantarki mai lamba 28, wanda ke kutsawa ta lunguna masu ƙunci har kana iya taɓa bangon gidan mutane, zuwa ganuwar da ke kan tudu. Sunanta São Jorge, suna ɗaya da na ginin Elmina. A nan wani tarihin ya sake tare ni, domin Musulmi sun mulki birnin sama da shekara 400, suna kiransa Al-Ushbuna, har 1147 da Afonso Henriques ya ƙwace shi bayan ƙawanya ta watanni. Sunan unguwar Alfama daga Larabci ne, al-hamma, wato maɓuɓɓugar ruwan zafi, Mouraria kuma ita ce unguwar da aka keɓe wa Musulmin da suka rage, zangonsu ke nan in za mu faɗa da harshenmu, har lokacin da Sarki Manuel ya ba da umarnin korarsu tare da Yahudawa a 1496. Lungunan Alfama, da shanyar tufafi a tagogi, da tsofaffin mata da ke hira daga ƙofa zuwa ƙofa, sun tuna mini da cikin Nima ƙwarai. Wannan sashen ya tsira daga girgizar ƙasar 1 ga Nuwamban 1755 wadda ta rushe tsakiyar birnin, shi ya sa tituna a ƙasa suke miƙe kamar an ja su da zare, a sama kuwa suke murɗe.

Gargaɗin Hajiya game da abinci ya yi amfani, domin naman alade yana shiga girkinsu da yawa. Na tsaya ga kifi, musamman busasshen kifin gishirin da suke kira bakalyau, ɗan'uwan kifin koobi namu na Gana ne a wari da ɗanɗano, da kuma gidajen abincin 'yan Bangaladash da ke kusa da dandalin Martim Moniz. A wani gidan burodi na ji mai sayarwa yana cewa "pão", sai dariya ta kama ni, domin ita ce paano da maƙwabtanmu Akan ke faɗa, kalmar ta sauka a gaɓarmu tare da duwatsun Azambuja ta ƙi komawa. Na yi sallar Azahar a Babban Masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, a sahu ɗaya da mutanen Gini Bisau da na Mozambik. A wani dandali kusa da Rossio kuma na tarar da 'yan Afirka ta Yamma suna zaune suna hira, wata mata tana sayar da goro a ƙaramin faranti. Kakana goro ne ya fito da shi daga Kano ya bi hanyar Gwanja har Salaga, daga nan zuriyarsa ta gangaro Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Na sayi ƙwaya biyu a farashin da in na faɗa a kasuwar Nima za a ce an yi mini wayo.

Da na dawo gida, kafin in ajiye jaka na je gaishe da Hajiya, na durƙusa na miƙa mata lambar da aka rataya mini. Ta juya ta gaba da baya, ta auna nauyinta a tafin hannu, ta ce, "Zinariya ce?" Na ce, "A'a, Hajiya, ƙarfe ne, kowa ya gama ana ba shi." Ta ce, "Na nawa ka zo?" Na gaya mata cewa dubbai sun riga ni, dubbai kuma suna bayana. Ta yi shiru, sannan ta tambayi ko jinin ya sauka, na ce ya sauka. Sai ta kira jikarta ta ce ta rataye lambar a ƙusar da kalanda ke kai, ni kuma ta ce a zubo mini tuwo, domin a ganinta Turawan sun ramar da ni.