Dubu biyar ɗin Gwaggo

Laraba, bayan isha'i.

Tun la'asar abin nan yake cina. Gwaggo ta aiko a kira ni, wai kwamfutata ta cinye kuɗin mutane. Na same ta kan tabarma, littafin adashi a cinya, tabarau ya zamo har tsinin hanci. Mata 20 ne ke zubi, dubu biyar-biyar, a littafinta dubu ɗari cif. Ɗan shirin lissafin da na rubuta mata da yaren kwamfuta na Java kuwa ya kafe a kan dubu casa'in da biyar.

"To ɗan boko, ina dubu biyar ɗina?"

Na ce, "Gwaggo, ƙila wata ce ba ta zuba ba."

Ta leƙo ni ta saman tabarau. "Ba a haife ka ba nake uwar adashi. Kowa ta zuba. Duba abinka."

Na duba. Na tambayi size, mai faɗin yawan sunayen da shirin ya ajiye, ya ce 19. Ashe a cikin matan akwai biyu masu suna ɗaya, har sunan uba, ni kuma suna na sa ya zama mabuɗi a HashMap, wato rumbun da ke ajiye kowane adadi a ƙarƙashin mabuɗinsa. Shi kuwa mabuɗi ɗaya ba ya zama sau biyu a cikinsa. Ka sake put, wato umarnin ajiyewa, da shi, sabon adadi ya haye kan tsohon, ko tari ba zai yi maka ba. Abin haushin ma, put yana miƙo maka tsohon abin da ya ture, ni ne ban taɓa karɓa na duba ba. Ga putIfAbsent nan, wanda ba ya ture abin da ya tarar a ciki, tun Java 8, tun 2014, na san shi sarai, lalaci ne kawai.

Na ce shi ke nan, zan koma lambar waya, ai wannan kowa da tasa. Gwaggo ta yi dariya har da tafa hannu. Wai akwai kishiyoyi biyu a ciki, duka lambar maigidansu suka bayar. Sai ta juyo mini littafin: kowace mace da lambarta a gefe, 1 zuwa 20, masu suna ɗayan nan kuma ta rubuta musu "mai ƙosai" da "ta gidan liman". Lambar tata na ɗauka na mayar mabuɗi. Na kuma sauya zuwa TreeMap, ɗan'uwan HashMap, don shi yana jera mabuɗai daga ƙarami zuwa babba. HashMap bai yi wa kowa alƙawarin jeri ba, a adashi kuwa wace za ta fara kwasa ba abin wasa ba ne.

Gyaran bai kai minti goma ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ta fara fita daga bakina. Ban ce bari in duba ba, wata baiwar Allah na fara ɗora wa. Da Gwaggo ta biye mini, da yanzu an aika yaro gidan mai ƙosai ana tambayarta kuɗin da ta riga ta bayar, a gaban mijinta da 'ya'yanta.

Tuwon dawa, miyar kuka. Ban ci sosai ba.

An ɗauke wuta tun magariba, cajina saura kaɗan. Yaya ya kira sau biyu, sai da safe in Allah ya kai mu.