Tambayar da Na Kasa Yi wa Baba

A makona na biyu a sashen masu ciwon ciki da hanji na wani asibiti a arewacin Ingila, babbar nas ta miƙo mini takarda mai zane bakwai, ta ce in tambayi majinyacin gado na huɗu wanne ne ya yi kama da bahayarsa. Jadawalin Bristol ke nan, wanda ya karkasa bayan gida tun daga mai tauri kamar kashin awaki har zuwa tsagwaron ruwa. Dattijo ne sa'an mahaifina. Na tsaya a kansa bakina ya yi nauyi, har sai da ya karɓi takardar da kansa ya nuna na shida, ya ƙara da cewa yana ganin jini. Da wannan kunyar na kwana.

Shekara 8 na yi ina aikin jinya a Kano, na ci jarrabawar Turanci da ta OSCE, wato gwajin aikin jinya a aikace, hukumar NMC mai kula da ma'aikatan jinya a Birtaniya ta yi mini rajista, amma tarbiyyar gidanmu na nan inda take. Yanzu kam hannuna ya faɗa. Ni ce ke zama da wanda aka yanke wa hanji, in koya masa canja jakar da aka manna masa a ciki da kula da fatar wurin don kada ta saɓule, kuma ina alfahari da ranar da ya fara yi da kansa.

Abin da ke hana ni barci yana gida. A nan Ingila duk mai shekara 50 zuwa 74 ana aiko masa da ɗan kwalin gwajin sankarar hanji har ƙofar gida, duk bayan shekara 2. Baba kuwa wata biyar yana ganin jini, ya ce basir ne, yana ta shan jiƙe-jiƙe, kuma a bakin ƙanwata na ji, ita ma Umma ce ta tsegunta mata. Na kira shi bayan sallar isha'i, na gaishe shi, ya tambaye ni sanyi, ya sa mini albarka, muka yi sallama ban furta komai ba.

Washegari na tura wa Yaya kuɗin ganin likita da tambayoyi shida a rubuce. Na ce, “Yaya, don Allah ka shiga da shi ɗakin likitan, kada ka jira a waje.” Ranar Talata za su je, ni kuma ina aikin dare.