Kwana goma a ɗakin Auta a Istanbul

Shekara shida ke nan da autanmu ya tafi Turkiyya karatu, ya kammala, ya ce ya sami aiki a Istanbul, ba zai dawo yanzu ba. Abin da muke gani nasa bai wuce hotunan da yake ɗorawa a WhatsApp ba, yau yana cikin jirgin ruwa iska na kaɗa masa riga, gobe yana tsaye gaban masallaci mai hasumiya shida. A kan waɗannan hotuna ne dangi suka yanke hukuncin cewa yaro ya yi kuɗi, har wasu suka fara aiko masa da buƙatunsu ta bakina. Hajiya kuwa ba ta taɓa yarda ba, kullum maganarta ita ce wuyansa ya yi tsawo a hoto. Da wata hidimar kasuwanci ta taso mini a ƙarshen Janairun 2025, sai ta ce kada in kuskura in sauka a otal, in sauka a ɗakinsa, in ga abin da yake ci da inda yake kwana, in dawo in faɗa mata gaskiya.

Sanyi ne ya fara tarbata kafin Auta. Ina fitowa daga sabon filin jirgin saman da aka buɗe a 2018, wanda tafiya daga bakin jirgi zuwa wurin buga fasfo kaɗai ta isa ta gajiyar da dattijo, sai na ji iska ta ratsa rigata kamar ban sa komai ba. Ya durƙusa ya gaishe ni a gaban jama'a, abin da ya faranta mini rai, sannan ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa mini, ya ce, "Yaya, ai na faɗa maka wannan rigar ba za ta yi ba." Muka hau safa, muka yi fiye da awa ɗaya kafin mu isa Beylikduzu, can ƙarshen gari ta yamma, inda babu teku ko hasumiyar da na saba gani a hotunansa, sai dogayen benaye masu kama da juna.

Su uku ne a gidan, shi da wani ɗan Senegal da wani ɗan Turkumenistan, kowa da ɗan ɗakinsa, nasa kuwa katifa da teburi sun cinye shi. Akwai na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da iskar gas, amma sun yi yarjejeniya ba a kunna ta sai awa biyu da dare, saboda takardar kuɗin gas a hunturu ita ce ke raba abokai. Da na matsa masa da tambaya ya zauna ya yi mini lissafi a bayan wata takarda. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar a wannan watan ya koma lira 22,104, a lokacin da dala ɗaya take kusan lira 35, kuma abin da yake ɗauka bai ɗara wannan da yawa ba. Daga ciki zai fitar da kasonsa na haya, da kuɗin kula da bene da suke kira aidat, da gas da wuta da ruwa da intanet. Ya ce tun da hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022 ba wanda ya sake sanin farashin komai, kuma dokar da ta hana masu gidaje ƙara haya fiye da kashi 25 ta ƙare a Yulin 2024, don haka mai gidansu bai yi wata-wata ba ya ɗaga musu. Na dubi takardar nan na tuna da jerin buƙatun da ke cikin aljihuna, na bar su inda suke.

Na tambaye shi dalilin zama nesa haka alhali aikinsa yana Laleli, a tsakiyar tsohon gari. Ya ce gundumar Fatih, inda Laleli take, tana cikin wuraren da aka rufe wa baƙi sabuwar rajistar zama, saboda hukuma ta ga sun yi yawa. A bakinsa da na abokansa ba kalmar da na ji ta fi yawo kamar ikamet, wato takardar izinin zama. Wane ya sabunta, an hana wane, wane ya koma gida ba shiri. Izinin aiki kuma ya fi wuya, domin a ƙa'ida sai kamfani yana da Turkawa biyar kafin ya ɗauki baƙo ɗaya, shi ya sa shi da ya samu yake riƙe da aikinsa hannu bibbiyu ko da ana ɓata masa rai.

Ranar Litinin na ce zan bi shi aiki, kuma na yi da-na-sani tun a tasha. Ƙarfe shida, gari bai waye ba, muka shiga layin Metrobus, wata doguwar safa mai hanyarta ita kaɗai a tsakiyar babban titi, wadda ke tafiyar kilomita kusan 52 daga Beylikduzu har ta haye gada zuwa ɓangaren Asiya. Kafin wata ta tashi wata ta iso, amma duk da haka sai an yi ture, kuma tsofaffin mata ma ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shirun. Mutane sun matsu har numfashin wani yana bugun ƙeyarka, amma ba sallama, ba hira, kowa ya kafa wa wayarsa ido. A gida da an yi minti biyar a haka da tuni an san inda kowa ya nufa, an yi gardama an shirya. Sai dai dole in yaba katin nan nasu, Istanbulkart, wanda da shi ɗaya ake hawa safa da jirgin ƙarƙashin ƙasa da na bisa titi har da jirgin ruwa, ba kwandasta, ba rigimar canji.

Laleli kasuwar sari ce ta tufafi, kuma aikin Auta a wani kamfanin aika kaya ne da ke ƙasan bene. Shi ne tafinta tsakanin maigidansa da 'yan kasuwar Afirka ta Yamma, shi ke rubuta sunaye a jikin dila, in hannu ya yi ƙaranci kuma shi ke ɗorawa a sikeli. Ƙarar salatif da ake naɗe kaya da shi ba ta tsayawa daga safe har dare, har yanzu ina jin ta a kunnena. Duk wanda ya shigo zai ce kolai gelsin, wato Allah ya sauƙaƙa aiki, kuma na ji daɗin samun mutanen da ke da tasu sannu da aiki. Duk inda muka gifta kuma sai an ɗaga murya an ce "Osimhen!", domin tun da ɗan ƙwallon Najeriyan nan ya koma ƙungiyar Galatasaray ta Istanbul a Satumban 2024 kowane baƙin saurayi ya zama shi. Auta yana ɗaga musu hannu yana dariya. Ya ce wannan ya fi sunayen da ake kiransu da su a da, bai kuma ƙara bayani ba.

A hanyarmu ta komawa ne aka tare mu a bakin wata tasha. Jami'in tsaro ne matashi, da wuya in ya girmi Auta, ya tsallake mutane da yawa ya nufo mu, ya miƙo hannu ba gaisuwa. Na ba shi fasfo, ya juya shi gaba da baya, ya yi mini tambaya da Turkanci, da na kasa amsawa sai ya maimaita da ƙarfi kamar kurma yake yi wa magana. Raina ya ɓaci, na buɗe baki, sai na ji Auta ya taka mini ƙafa. Ya miƙa katinsa da hannu biyu, ya yi magana a hankali yana kiran jami'in abi, wato yaya, har aka miƙo mana takardunmu ba tare da an dube mu ba. Yaron da a gida ba a taka shi ya ƙyale, shi ne ya ce mini, "Yaya, kai kwanan nan za ka tafi, ni a nan zan kwana."

Kada in yi wa mutanen rashin adalci. A bene na ƙasa da nasu akwai wata tsohuwa da suke kira teyze, kamar a ce inna, wadda ta ji an ce yayan yaron nan ya zo, ta aiko lallai mu sauko. A bakin ƙofa muka tuɓe takalma, ta ba mu silifas na cikin gida, ta zuba mana wani turaren lemun tsami a tafin hannu, sannan aka shiga shayi a ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu. Ina shanyewa ta cika, ina shanyewa ta cika, sai a kofi na biyar Auta ya raɗa mini cewa in ɗora cokali a kwance a bakin kofin, alamar na ƙoshi ke nan. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, amma ta kama kumatunsa tana nuna mini da hannu cewa ba ya cin abinci, maganar Hajiya sak. Daga baya na ji cewa shi ke ɗauko mata cefane zuwa sama, ita kuma duk ranar da ta dafa miyar adas sai ta aika musu da tukunya. A gidan burodin unguwar ma na ga abin da suke kira askida ekmek: mutum ya sayi burodi biyu, ya ɗauki ɗaya, ya bar ɗaya a rataye domin wanda ba shi da hali ya zo ya karɓa ba tare da ya san mai bayarwa ba.

Hutunsa na tsakiyar mako ƙwallo ce, ranar Laraba daga sha ɗaya zuwa sha biyun dare, a wani ƙaramin fili mai ciyawar roba da aka kewaye da raga, wanda ake haya da awa a raba kuɗin tsakanin mutum goma sha huɗu. Na zauna a gefe cikin bargo ina rawar ɗari, ina kallon tela da ɗan dako da ɗalibin likitanci daga ƙasashe biyar ko shida suna zagin juna da Turkanci. A nan kaɗai na ji ya yi irin ihun da na san shi da shi.

Ranar Asabar da yamma na ce sai na saya wa kaina rigar fata a babbar kasuwar nan mai rufi, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Muhammadu Alfatih, mai shaguna kusan 4,000. Mai shagon ya zaunar da ni, ya aika a kawo shayi, ya kunna ashana a jikin rigar don in ga ba roba ba ce, sannan ya ce lira 9,000. Na taya 6,000 ina jin kaina gwani, sai Auta da ya yi shiru tun shigowarmu ya buɗe baki da Turkanci. Fuskar mutumin ta sauya, ya dafe ƙirji, ya rantse, ya bi mu har bakin ƙofa, a ƙarshe ya sallama a 4,000. Na yi kwana biyu ina alfahari kafin ɗan Senegal ya gaya mini cewa a Zeytinburnu, inda masu fatar suke, da ban biya haka ba. Ra'ayina game da kasuwar shi ne a je a sha kallo da shayi, a yi sayayya a wani wuri.

Lahadi ce ranar hoto. Mun fara da ziyarar kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Eyup, wanda Manzon Allah (SAW) ya sauka a gidansa a Madina, kuma a nan na ga Auta ya daɗe yana addu'a fiye da yadda na zata. Masallacin Aya Sofiya mai tarihi kuwa daga waje na tsaya, domin tun Janairun 2024 ana karɓar yuro 25 daga baƙi masu yawon buɗe ido, ni kuma ban ga dalilin biyan haka ba alhali ga masallacin Sulaimaniyya, wanda aka gama a 1557, ana shiga kyauta. Daga Eminonu muka hau jirgin ruwa zuwa Uskudar, tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba, da katin nan dai na safa. Ya sayi simit, wani burodi mai kamar zobe da aka barbaɗe da riɗi, muka ci rabi, ya riƙa jefa wa tsuntsayen teku sauran suna cafkewa a sama. Da muka kusa gaɓa ya karɓi sabuwar rigata ya sa, ya gyara wuya, ya miƙo mini waya ya ce in ɗauka ta yadda hasumiyoyi za su fito a bayansa. Minti biyu aka yi, ya tuɓe ya mayar mini. Kafin mu sauka wani ɗan'uwanmu ya riga ya rubuto a ƙarƙashin hoton yana cewa a tuna da su.

Sauran kwanakin na harkar da ta kawo ni ne, sai yini ɗaya da na je Bursa ni kaɗai, na yi salla a babban masallacinta mai ƙubba ashirin, na hango ƙanƙara a kan dutsen Uludag ban hau ba. Ranar tafiya bai raka ni filin jirgi ba domin an ƙi ba shi izini a wurin aiki, a tashar safa muka yi sallama. Ya cusa mini ambulan a aljihu ya ce na Hajiya ne, ni kuma na san daga wane layi na takardar lissafin nan ya yanko shi. Rigar fatar na bar masa a kan katifa. Da na isa gida Hajiya ba ta bari na zauna ba ta tambaye ni ko yana cin abinci, na ce akwai wata tsohuwa a ƙasan benensu da ta ɗauki wannan aikin, ta ce in nemo mata sunanta domin ta riƙa sa ta a addu'a.