Dalilin aure tsakanin hedfon da amfilifaya

Duk wanda ya leƙo shagona karon farko tambaya ɗaya yake yi, "Malam akwai iyafis na dubu biyu?" Sai in nuna mishi shagon maƙwabcina, don ni ba nan na sa gaba ba. Shagon ɗan ƙarami ne a wani lungu bayan Ahmadu Bello Way, ba nisa da Terminus, kujera ɗaya ce mai kyau a ciki kuma ba tawa ba ce, ta mai saurare ce. Sana'ata saida manyan hedfon da amfilifayarsu, da gyaransu, sai kuma abin da ya fi cin min lokaci alhali ba wanda yake biyana kuɗinsa, wato haɗa wannan da wancan har a dace. Yaron shagona ya ce wai ni dalilin aure ne kawai, na yi dariya, amma da na zauna sai na ga yaron bai yi ƙarya ba.

Asalina mai gyaran rediyo ne da amfilifayar masallaci, a hannun maigidana na koya, Allah ya jiƙansa, mutumin da zai saurari sifika na ɗan lokaci kaɗan ya ce maka kwal ɗinta ya fara ƙonewa tun kafin a kwance. Garin nan kuwa kowa ya san na masu kiɗa ne da masu fim, ƙananan situdiyo kamar jamfa a Jos ɗin dai da ake faɗa, to su suka fara kawo min hedfon ɗinsu, Beyerdynamic DT 770, in wayar ta tsinke. Wata rana na gama ɗaura wa ɗaya waya, na jona shi a mikisa don in gwada, aka sa wani tsohon kiɗan kalangu da na ji ya fi sau ɗari, wallahi sai na ji abin da ban taɓa ji ba, har shafar tafin makaɗin a kan fata da numfashin 'yan amshi kafin su karɓa. Na cire na duba bayana ko akwai wani a shagon. Daga ranar ne ciwon ya kama ni.

Bari in ba da labarin da ya fi kwatanta aikin. Wani dattijo ma'aikaci a Abuja, iyalinsa suna nan Rayfield yana zuwa duk ƙarshen mako, ya shigo ransa a ɓace da kwali a hannu. Sennheiser HD 600 ne ɗansa ya aiko mishi daga Ingila. Ya ce, "Malam, ina ga an cuci yaron nan, jabu aka sayar masa, iyafis ɗin direbana ya fi wannan ƙara." Na ce Yallaɓai zauna, da me kake jona shi? Ya ciro waya da ɗan guntun mahaɗin nan fari da ake soka wa a gindin waya. Ban ce komai ba, na karɓa na jona a wata 'yar amfilifayar tebur, JDS Labs Atom, wacce a lokacin kuɗinta a can Amurka wajen dala ɗari ne kacal, na ce ya sa abin da ya fi so. Ƙira'a ya sa. Minti biyu bai motsa ba, sai kawai na ga ya rufe ido, da ya cire sai ya ce, "Ashe masallacin da aka ɗauki karatun nan babba ne." Ya ji amon ɗakin kenan.

To me ya faru? Hedfon ɗin na gaske ne, tun 1997 kamfanin nan na Jamus ke yinsa kuma har yau bai tsufa ba, matsalar ita ce juriyarsa, wato yadda yake turje wa wutar da ke shigarsa, om 300 ce, shi kuwa ɗan mahaɗin waya in ya yi ƙoƙari bolt ɗaya zai bayar. Ka lissafa da kanka, bolt ɗaya a kan om 300 ƙarfinsa bai wuce miliwat 3 da 'yan kai ba, amma bolt ɗayan nan a kan iyafis mai om 32 ya haura miliwat 30, kusan ninki goma. Shi ya sa na direba ya fi ƙara. Sautin zai fito, ba wai ba zai fito ba, amma in ganga ta buga da ƙarfi ko mai karatu ya ɗaga murya babu sauran wurin hawa, sai komai ya kwanta kamar tuwon da ya sha ruwa. Yadda nake kwatanta wa kwastoma shi ne da tankin ruwa. Bolt shi ne tsayin tanki, karant kuma faɗin bututu. Irin su HD 600 da HD 650 da DT 880 mai om 600 tanki mai tsayi suke so, ba ruwansu da faɗin bututu. Su kuwa filana, wato masu siririyar leda shimfiɗe tsakanin maganaɗisu irin HiFiMan Sundara da Audeze LCD-2, om ɗinsu ba yawa amma masu ƙishirwa ne, bututu mai faɗi suke nema.

Nan ne auren yake lalacewa in ba a yi bincike ba. Wani matashi mai haɗa kiɗa daga Bukuru ya karanta a intanet cewa amfilifaya mai kwan wuta, wacce muke ce wa tiyub, ita ce ƙarshen daɗi, ya tara kuɗi ya sayi irin wacce ba ta da taransifoma a mafitarta, ya haɗa da Sundara ɗinsa wanda ko om 40 bai kai ba. Ya zo yana cewa Oga bas ya mutu, in na ƙara murya sai ta fara karkarwa. Na ce ai dole. Akwai ƙa'idar da muke bi, juriyar mafitar amfilifaya kar ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na juriyar hedfon, in hedfon om 32 ne to mafita kar ta haura om 4, irin tasa kuwa ta ninka haka sau da yawa, kuma ba ta da karant ɗin da filana ke sha. Na jona mishi a ƙaramar amfilifayar Topping ta tiransisto sai ga bas ya dawo daram, kiɗa ya miƙe. Ya tsaya yana kallon tiyub ɗinsa tana haske ja kamar garwashi, abin tausayi. Ban bar shi ya sayar da asara ba dai, na ɗauko HD 650 na soka a cikinta na ce ji wannan. Sai ya yi shiru.

Abin da ke ba ni sha'awa kenan, amfilifayar da ta kashe wancan ita ta raya wannan. Shahararriyar cikin irin waɗannan tiyub ɗin ita ce Bottlehead Crack, daga Amurka take zuwa a wargaje kai za ka harhaɗa da dalma, mafitarta wajen om 120, ka ga ko da om 300 ɗin ma ta karya ƙa'idar takwas ɗin, amma masu HD 600 da HD 650 a duniya suna mutuwar sonta. Dalili kuwa juriyar waɗannan hedfon ba a miƙe take ba, tana yin tudu a wajen bas kusa da haz 100 (haz ma'aunin kauri ko sirantakar sauti ne), to in mafita tana da nauyi sai wurin tudun ya samu ƙarin bolt, muryar namiji ta yi kauri, garaya da kukuma su yi ɗumi. A kan mita wannan kuskure ne, a kunne kuma kamar shayi mai kauri ne da asubar Disamba a Jos. Ni kaina da ita nake saurare in na rufe shago, amma ba zan taɓa ba mai situdiyo ita ya yi aiki ba, don zai rage bas a kiɗansa yana zaton ya yi yawa, in an sa a mota a ji fayau. Mai aiki tiransisto nake ba shi, wacce ba ta ƙari ba ta ragi. Af, ita dalmar da nake aiki da ita kashi 60 cikin ɗari kuza ce, ina riƙe da ita wani lokaci in tuna kududdufan da haƙar kuza ta bari a hanyar Bukuru, ƙila ma kakan wata wayar daga ƙasar nan ya fita.

Kayan gwajina ba su canzawa. Kalangu da kotso don in ji saurin bas, ko yana tsayawa inda makaɗi ya tsaya ko yana jan jiki. Algaita don sama, duk hedfon da ke da kaifi algaita za ta tona mishi asiri, DT 990 misali a kunnena ni dai yana soka kamar allura in aka haɗa shi da amfilifaya mai tsauri, tiyub ce ke ɗan lallashinsa. Sai ƙira'a don tsakiya, inda sin da shin ke fita. LCD-2 a kan kalangu ba a magana, bas ɗinsa yana sauka ƙasa sumul, sai dai nauyinsa ya haura rabin kilo, bayan awa ɗaya wuyanka zai gaya maka, shi kuwa HD 600 giram 260 ne har mantawa kake yana kanka. Focal Utopia na Faransa sau ɗaya ya shigo shagon nan, wani ya kawo in canza mishi kushin, abin da ya fito a 2016 a kan dala dubu huɗu, hannuna har rawa yake. Ya fi HD 600? Ya fi, ƙarara. Ya fi shi ninki goma kamar yadda kuɗin ya nuna? A'a wallahi.

Akwai wata gaskiya da 'yan kasuwa ba sa son faɗa. Kunne maƙaryaci ne, duk abin da ya ɗan fi ƙara shi zai ce ya fi daɗi, ko da bambancin bai kai yadda za ka lura ba. In ina so in cuci mutum abu ne mai sauƙi, in ɗan murɗa wa mai tsadar sama kaɗan shi kenan ya zaro kuɗi. Shi ya sa kafin kowa ya gwada amfilifaya biyu sai na sa sautin gwaji na haz 1000, in auna bolt ɗin kowacce da mita in daidaita su, sannan yaro ya tsaya a baya yana canza jona ba tare da mai saurare ya gani ba. Na sha ganin mutum ya rantse ta dala dubu ta fi, da aka rufe mishi ido ya zaɓi ta dala ɗari sau uku a jere. Tsakanin tiransisto biyu masu tsafta da isasshen ƙarfi, ni dai da ƙyar nake rabewa, kuma ina faɗa. Wani abokin kasuwanci a Abuja ya ce ina kashe wa kaina ciniki. Ƙila. Amma dattijon nan na Rayfield mutum huɗu ya turo min.

Sai wuta, uwar matsaloli. Tamu bolt 230 ce a takarda, a zahiri kuwa sai yadda ta ga dama, kuma ni da ke wa mutane wa'azi ni na fara cin ƙasa. Wani kaya ya iso min daga Amurka, ɗoki ya hana ni duba bayansa, ashe na bolt 120 ne, na soka a bango sai ji na yi fat, ga hayaƙi ga warin nan da duk mai gyara ya sani. Na zauna na yi salati, yaro ya fice waje don kar in ga yana dariya. Sati biyu ina neman wanda zai naɗa min taransifoma. Tun daga nan ba abin da ake jonawa a teburin saurare sai ta inbata mai tsaftataccen layi, janareto kuwa ko kusa, don huuu ɗinsa yana bin waya ya shiga kunne, tiyub ma ta fi kowa jin haushinsa. Hunturu kuma da nasa salon, hedfon masu buɗaɗɗen baya suna shan ƙura, wani lokaci gashi ɗaya tak zai faɗa kan diraiba, wato 'yar sifikar da ke cikin hedfon, ka ji zzz duk sanda bas ya buga, mai shi ya zo hankali tashe, ni kuwa ɗan hantsaki da fitila ne aikin ya ƙare. Saboda ƙurar nan da laimar damina ne ban taɓa kawo Stax na Japan ba, masu aiki da bolt 580 a kan ledar da ta fi gashi sirantaka, ba zan sayar wa mutum abin da zan riƙa mafarkinsa ba.

Kasuwar kam ta yi sanyi tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura dubu da ɗari biyar cikin 'yan watanni, sabon kaya yanzu sai wanda ya ba da kafin alƙalami nake odarsa. Abin da ke riƙe shagon shi ne na hannu, da canjin kushin da waya, da musaya. Kushin ma ba ƙaramin abu ba ne, in na HD 600 ya lotse kunne ya matso kusa da diraiba sautin gaba ɗaya sai ya canza, mutum ya fara tunanin sabuwar amfilifaya alhali soso ne ya gaji.

Matashin Bukuru dai bai saida tiyub ɗinsa ba, Sundara ya bari a wurina ya ɗauki HD 650 na hannu ya cika kuɗi kaɗan, sai ga shi bayan wata biyu ya dawo wai yana kewar bas ɗin filana, in riƙe mishi Sundara ɗin kar in sayar zuwa ƙarshen wata. Yana nan rataye a ƙusa ta uku na lulluɓe shi da leda, yau sha tara ga wata, kuma jiya wata mai ɗaukar murya daga Farin Gada ta zauna a kujerar nan kusan awa ɗaya da shi a kanta, da za ta tafi ta tambayi kuɗinsa har sau biyu.