Dillali Ya Kawo Mai Saye, Ni Na Kore Shi

Ana saura mako uku Babbar Sallah na ɗebi sefa dubu 40 daga kuɗin shago na zuba a tallar Facebook. Takalman fata muke ɗinkawa a Marwa, arewacin Kamaru, sana'ar gidanmu ce tun kakanni, kuma fatar Marwa ba sai an yi mata kirari ba. Na ɗauki hoton wani jan takalmi ɗinkin hannu, na saita tallar ta nufi mutanen Yawunde da Duwala, na kwanta ina lissafin riba. Kwana goma ana ta latsawa, mutane ɗaruruwa. Waɗanda suka saya kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Kawuna ne mai shagon. Bai san kan intanet ba, amma shi ya gano cutar. Na miƙa masa waya don ya ga aikin da na yi, ya latsa jan takalmin, ya jira, ya ƙara jira. Can sai ga hoton kakanmu, da tarihin gidanmu, da jakunkuna, da matasan fata. Ya ce, "Ɗana, ina takalmin?" Na ce, "Kawu, sai ka gangara ƙasa, ka shiga nan, sannan ka latsa can." Ya miƙo min wayar ya ce, "Wato dillali ya kawo maka mai saye har ƙofa, kai kuma ka ce ya shiga cikin gida ɗaki-ɗaki ya nemo kayan da kansa?"

Ƙannena masu fara kasuwancin intanet, abin da na rasa shi ne zaure. Talla dillali ce kawai. Wanda ta janyo yana buƙatar shafi guda da aka gina don tarbarsa, ba babban shafin da ke ɗauke da duk kayanka ba. Ni shafin tarba nake kiransa. Ya ga jan takalmi a talla, to jan takalmin nan zai fara gani, da hoto iri ɗaya da magana iri ɗaya. In ya tarar da wani abu daban, zai ɗauka ya yi ɓatan kai ko an yaudare shi, kuma ba zai yi maka sallama ba.

Na gyara wannan, amma ciniki bai motsa sosai ba, don akwai wata wautar da na fi jin kunyarta. Na ɓoye farashi. Na rubuta "a tuntuɓe mu don jin kuɗi", wai dabara ce, in mutum ya yi magana sai mu yi ciniki kamar a kasuwa, ya taya in ce albarka. A kasuwar Marwa hakan daidai ne, don mai saye yana riƙe da takalmin, yana shinshina fatar, yana kallon idona. Ma'aikacin da ke Duwala kuwa bai san ni ba, bai taɓa kayan ba, ƙila ma an taɓa cinye masa kuɗi a Facebook aka kashe waya. Rashin ganin farashi a wurinsa alama ce ta za a yi masa yankan kai. Kuma ba kuɗin takalmi kaɗai yake son ji ba. Daga Marwa sai kaya sun bi ta Garwa, su kai Ngaundare, sannan su gangara kudu, tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Wa zai biya kuɗin mota? Kwana nawa? A wace tasha zai karɓa? In ya sa 43 aka aiko masa ya matse shi, me za a yi? Duk waɗannan na bar su a cikina, ina jiran a tambaya. Yanzu suna rubuce ƙarƙashin hoton: farashi, lambobi daga 39 zuwa 45, biya ta Orange Money ko MTN MoMo, rabi kafin a ɗora kaya, rabi in sun isa hannu, canji in bai yi daidai ba. Rabin nan da na yarda in jira, shi ya fi komai sanyaya zuciyar mutane, ko da yake Kawu har yau bai son tsarin.

Na kuma sa wani fom mai neman suna, unguwa, sana'a da adireshin imel. Imel! Ni kaina sai in yi wata ban buɗe nawa ba. Kwaikwayo ne kawai na abin da na gani a shafukan Faransa. Na cire shi, na bar maɓalli ɗaya kore da ke kai mutum WhatsApp. Ana haɗa shi da adireshin wa.me, a biyo da 237, wato lambar ƙasar Kamaru, da lambar waya, har ana iya saka masa saƙo a shirye, mai saye ya tura kawai. Da can maɓallai huɗu ne, har da na "bi mu a Instagram". Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

Batun nauyin hotuna gajere ne. A kwamfutar wani abokina mai intanet mai ƙarfi na gina shafin, ban taɓa gwada shi a ƙaramar waya da 'yan megan da mutum ke tattalawa ba. Ku rage girman hoto, uku sun isa, ku gwada a wayar ƙaninku. Harshe ma haka: na cakuɗa Hausa da Faransanci a shafi ɗaya, kowa ya ji kamar ba da shi ake ba. Yanzu biyu ne, na Faransanci don tallar kudu, na Hausa don 'yan uwanmu na unguwar Briketeri a Yawunde da sauran zango-zango.

Ku riƙa ƙirga. Mutum nawa suka shigo, nawa suka latsa kore, nawa suka biya. In ɗari sun shigo biyu sun yi magana, ciwon yana shafi. In ashirin sun yi magana babu wanda ya biya, ciwon yana bakinka ko farashinka. Kuma abu ɗaya za ku canza a lokaci guda, in ba haka ba, ba za ku san wanne ya yi magani ba. Ni na canza hoto da farashi da kalamai rana ɗaya, har yau ban san wanda zan gode wa ba.

Bayan duk wannan gyara, wata Juma'a na bar waya a caji a shago na tafi ɗaurin aure Mokolo. Na dawo washegari na tarar da saƙonni bakwai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, biyar suka ce sun riga sun saya a wani wuri. Tun ranar, in talla tana gudana, wayar tana aljihuna ko na ƙanina Sani, ko da kuwa muna wurin jima.